Me ya sa likita ya ce a nemi tsutsar ciki kafin a ƙara wa Hajiya maganin gaɓoɓi?

Tambayar ta fito ne daga wani ɗan'uwa mazaunin Aboabo a nan Kumasi. Mahaifiyarsa mai shekara 63 tana fama da ciwon gaɓoɓi, irin wanda garkuwar jiki ke juyowa ta far wa gaɓoɓin mai ita. Wata huɗu ke nan tana shan firednisolon kullum, da metotireksat sau ɗaya a mako, dukansu magungunan kwantar da garkuwar jiki ne. Da suka koma asibiti, likita ya ce zai ƙara mata firednisolon, amma sai an kai bayan gidanta ɗakin gwaji sau uku, an ɗibi jini, sannan ya rubuta mata aibamektin, wani maganin tsutsar ciki. Ɗan'uwan ya ce: "Hajiya mace ce mai tsabta. Shekara talatin rabonta da gona, ba ta gudawa, kuma wata biyu da suka wuce duk gidan muka sha maganin tsutsa Zentel. Anya wannan ba ɓarnar kuɗi ba ce?"

Ɗan'uwa, Allah Ya ba Hajiya lafiya, Ya saka maka da alheri kan ɗawainiyar da kake yi da ita. Ba ɓarnar kuɗi ba ce. Da a gabana take, abin da zan yi ke nan, kuma na ji daɗi da likitan ya tuna tun kafin ya ƙara maganin, don da yawa daga cikinmu sai bayan ta ɓaci muke tunawa. Hujjojin da ka kawo duk gaskiya ne, sai dai babu ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa tsutsar da likitan yake nema.

Yawancin tsutsotsin da muka sani, macijin ciki da tsutsa mai ƙugiya da ke shan jini a hanji, ba sa iya ƙaruwa a cikin mutum. Suna yin ƙwai, ƙwan ya fita cikin bayan gida, ya nuna a ƙasa, sannan ya shiga wani. In mutum ya bar wurin da yake ɗaukarsu, waɗanda ke cikinsa tsufa za su yi su mutu cikin 'yan shekaru. Da su ake magana, da batun shekara talatin ɗin nan ya wadatar. Amma akwai wata guda, a takardar ɗakin gwaji za ka ga an rubuta ta Strongyloides stercoralis, ni kuwa zan kira ta tsutsar zare don sauƙi. Uwar ba ta wuce milimita 3 ba, ba kuma za ka taɓa ganinta a masai ba. 'Ya'yanta suna zaune a cikin danshin ƙasar da bayan gida ya gurɓata. Mutum ya taka ba takalmi, su huda fata, su bi jini zuwa huhu, su hau maƙogwaro, ya haɗiye su bai sani ba, su sauka a ƙaramin hanji. A can uwar take shiga cikin bangon hanji ta yi ta haihuwa ba tare da namiji ba. Ƙwanta tun a cikin hanjin yake ƙyanƙyashewa. Mafi yawan 'ya'yan suna fita, amma kaɗan daga cikinsu tun kafin su kai ƙofa suke balaga, su huda bangon hanji ko fatar gefen dubura, su sake zagayowa. Ita ce tsutsar da ba ta bukatar ka koma gona. Ta shiga sau ɗaya, ta zama 'yar gida, jikokinta ne ke gadonta.

Ba a yau aka san haka ba. A 1876 wani likitan sojan ruwa na Faransa, Louis Normand, ya fara ganinta a bayan gidan sojojin da suka dawo daga kudancin ƙasar da yanzu ake kira Biyetnam da gudawar da ta ƙi ji. Daga baya likitocin makarantar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful a Ingila suka riƙa samunta a jikin tsofaffin sojojin da Japan ta kama a yaƙin duniya na biyu ta sa su aikin hanyar jirgin ƙasa tsakanin Tailan da Bama. Mutanen nan sun koma Ingila tun 1945, ƙasar da tsutsar ba ta yaɗuwa, amma bayan shekara talatin, wasu ma fiye, tana nan a cikinsu. To Hajiya da ta yi ƙuruciyarta tana taka gona, ko a gonakin koko na nan Asante ne ko a arewa, ta ci gaba da zama a garin da ake ruwa damina biyu, ba za a cire ta daga lissafi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta masu ɗauke da wannan tsutsa tsakanin miliyan 300 zuwa 600, kuma yawancinsu ba su san da ita ba. Maganar tsabta kuwa, kada ka bari ta shiga ran Hajiya. Ba wanda ya ce mata ƙazama. Taku ɗaya na yarinta ya isa.

Dalilin da ya sa ba ta gudawa, garkuwar jikinta ce ta riƙe abin. Shekara da shekaru ana zaman doya da manja: tsutsar ba ta ƙare ba, jiki kuma bai bar ta ta yi yawa ba. Abin da mutum zai ji bai wuce ɗan zafin ciki da za a ce olsa ce ba, ko borin jini da ke zuwa ya tafi, ko wani jan layi mai ƙaiƙayi a ɗuwawu ko cinya ko ciki wanda ke tafiya kamar ana jan zare a ƙarƙashin fata, ya matsa santimita da dama cikin awa ɗaya, ya ɓace bayan kwana ɗaya ko biyu. Ka tambaye ta ko ta taɓa ganin wannan. In ta ce e, ka gaya wa likita, don kusan sa hannun tsutsar ne.

Firednisolon da deksametason da danginsu, waɗanda muke kira sitiroyid, aikinsu shi ne su kwantar da garkuwar jiki, shi ya sa gaɓoɓin Hajiya suka yi sauƙi. Amma ɓangaren garkuwar da suka fi kwantarwa shi ne daidai wanda ke tsare tsutsa. Da zarar mai gadi ya yi barci, 'ya'yan da a da kaɗan ne ke sake zagayowa sai su zama dubbai, cikin makonni su zama abin da ba ya ƙirguwa. Su cika huhu, mutum ya kama tari da shessheƙa, wani lokaci da jini a kaki. Su cinye bangon hanji, ciki ya kumbura, amai ya ƙi tsayawa, hanji ma yakan daina motsi. Abin da ya fi kashe mutane kuwa ba tsutsar ba ce ita kanta. Duk ɗan da ya huda hanji yana tafe da ƙwayoyin cutar da ke cikin kashi, ya zuba su a jini. Sai ka ga mutum da gubar jini, ko sanƙarau, a auna a ga ƙwayar cutar hanji ce a cikin ruwan ƙashin bayansa, a rasa ta inda ta bi. In aka kai wannan matakin, ko a asibitin da ya fi kowanne kayan aiki, waɗanda ke rasuwa suna da yawa ƙwarai, in ba a gane ba kuwa da wuya a tsira.

Bari in ba ka labarin da har yanzu yake ci mini rai. Ina ƙaramin likita a wani asibiti, aka kawo wani dattijo, tsohon ɗan kasuwar goro, da asma. Muka ba shi sitiroyid kamar yadda aka saba. Ya ɗan ji sauƙi, ya dawo da shessheƙa fiye da ta da. Muka ce asma ce ta yi tsanani, muka ƙara. Ya fara amai, muka ce maganin ne ke taɓa masa ciki. Sai da ma'aikacin ɗakin gwaji yana duba kakinsa don neman tarin fuka ya ga abu na motsi a ƙarƙashin madubi, ya bar kujerarsa ya zo da kansa ya kira mu. Duk wannan lokaci muna ta zuba wa wuta fetur muna mamakin hayaƙi. Ba mugunta ba ce, ba kuma rashin karatu ba. Alamun cutar ne suka yi kama da ciwon da ake ba da maganin dominsa, sai a yi ta ƙara abin da ke ƙara ta. Tun daga ranar ban sake rubuta wa kowa sitiroyid mai yawa ba sai na tambaye shi inda ya girma.

Lokacin korona abin ya fito fili. Daga watan Yuni na 2020, da bincike a Ingila ya nuna deksametason na ceton waɗanda numfashinsu ya sarƙe, aka shiga ba da shi ko'ina a duniya, kuma kafin ƙarshen shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi kan wannan tsutsa. Galibi muna fara damuwa in mutum zai sha miligiram 20 na firednisolon ko fiye a kullum har makonni, amma an sha ganin abin ya tashi da maganin kwanaki kaɗan. Mai dashen ƙoda, ko a asibitin Korle Bu na Accra aka yi masa ko a Indiya, da mai shan maganin daji, da mai ciwon ƙodar da ke zubar da furotin a fitsari, duk suna cikin sahu. Haka mai ɗauke da wata ƙwayar cuta ta jini da ake rubuta ta HTLV-1, wadda akwai ta a Afirka ta Yamma, shi ko bai sha komai ba tsutsar takan fi ƙarfinsa.

Yanzu batun Zentel, wanda a ganina nan ne mutane suka fi ruɗuwa. Zentel albendazol ne, Vermox kuma mebendazol. Ƙwaya ɗaya ta miligiram 400 tana yi wa macijin ciki kaca-kaca, tana taɓa mai ƙugiya, shi ya sa ake raba ta a makarantu. Tsutsar zare kuwa ba ta jin wannan. In dole sai da albendazol za a yi, sai an sha safe da yamma har kwana 7, kuma duk da haka bai kai aibamektin ba. Ga kuma wani abu: sauran tsutsotsi in ka kashe tara cikin goma ka yi nasara. Wannan in ka bar guda ɗaya, za ta mayar da gidanta yadda yake. Saboda haka shan da kuka yi wata biyu da suka wuce yana da kyau, amma ba a kansa ake magana ba.

Sau uku da aka ce a kai bayan gida ma ba neman kuɗi ba ne. Wannan tsutsa ba ƙwai ake gani ba, 'ya'ya ake nema, kuma ba kullum suke fita ba, in sun fita ma kaɗan ne. Duba ɗaya na yau da kullum yakan wuce ta a mafi yawan masu ɗauke da ita. Akwai hanyoyin da suka fi kamawa: a zuba kashin a ruwan ɗumi a bar 'ya'yan su fito da kansu, ko a ajiye shi a farantin gwaji kwana biyu zuwa uku a ga sawunsu, ko a nemi shaidarta a jini. Ba kowane ɗakin gwaji na bakin titi ke yin waɗannan ba, don haka ku tambayi likitan inda yake so a kai, kuma a rubuta sunan tsutsar a takardar, don mai dubawa ya san abin da yake nema. Jinin da aka ɗiba kuwa, wani nau'in farin ƙwayar jini ake dubawa, isinofil, wanda ke hauhawa in akwai tsutsa. Sai dai firednisolon yana danne shi. Wata huɗu Hajiya tana sha, saboda haka in sakamako ya fito lafiya lau, bai wanke ta ba. Ina jin shi ya sa likitan ya rubuta maganin tun kafin sakamako. A irin ƙasarmu, inda tsutsar take, gwajin kuma ba ya kama ta da sauƙi, magani kuwa mai araha ne mai sauƙin sha, wannan shawara ce da nake goyon baya.

Aibamektin ba baƙo ba ne a Gana. Shi ne Mectizan da aka daɗe ana rabawa kyauta a ƙauyukan bakin kogi don makantar da ƙudan kogi ke kawowa, da kuma tundurmi, tun bayan da kamfanin da ke yinsa ya fara ba da shi sadaka a 1987. Waɗanda suka gano shi, William Campbell da Satoshi Omura, sun sami kyautar Nobel a 2015. Da nauyi ake auna shi: maikirogiram 200 kan kowane kilo, wato mai kilo 60 miligiram 12 ke nan. Ana sha da ruwa, ciki ba abinci, kwana ɗaya ko biyu, kuma ga wanda garkuwarsa ke ƙasa akan maimaita bayan mako biyu, don kusan tsawon zagayen tsutsar ke nan. Ba a ba mai ciki ko yaron da bai kai kilo 15 ba sai da dalili mai ƙarfi. Kada kuma wani ya ce muku na dabbobi ma iri ɗaya ne a je a sayo wurin masu maganin shanu.

Akwai tambaya guda da nake so a yi wa Hajiya kafin ta haɗiyi ƙwayar, kuma mu Hausawa ta fi shafa, saboda mu mutanen tafiya ne. Ta taɓa zama a Kamaru, ko Gabon, ko Kwango, ko dazuzzukan kudu maso gabashin Nijeriya? A can akwai wata tsutsar jini, Loa loa, wadda wani lokaci ake ganinta tana ratsa farin ido. Wanda ke da ita da yawa a jini, in ya sha aibamektin suka mutu a lokaci guda, abin yakan taɓa ƙwaƙwalwa har ya kai ga suma. In ta taɓa zama can, a fara duba jininta, kuma da rana tsaka ake ɗiba, don lokacin suke fitowa. In Kumasi da arewa ne iyakarta, wannan ba abin damuwa ba ne.

Sauran ƙwayoyin hanji ba zan daɗe a kansu ba, amma gwajin bayan gidan yana iya gano wasunsu. Amiba, mai kawo atini da jini da majina, in aka ba mai ita sitiroyid takan huda babban hanji. Jiyadiya na kawo kumburin ciki da gyatsa mai wari da zawo mai maiƙo, maganinta Flagyl ko danginsa. Wadda ta fi wahala ita ce kiriftosforidiyam, mai kawo gudawa kamar ruwa. Mai lafiya yakan warke da kansa cikin mako biyu, amma wanda aka danne wa garkuwa yakan yi watanni, maganin da ake da shi kuma ba ya aiki sosai sai garkuwar ta farfaɗo. Sinadarin kulorin da ake sa wa ruwan famfo ba ya kashe ta. Tafasawa ce ke kashe ta, ruwan ya yi ɓul-ɓul na minti ɗaya. Ni dai ruwan shan Hajiya a tafasa, ko na famfo ne ko na rijiya, na leda ma ba duka na yarda da su ba. Tana fitowa kuma daga kashin 'yan maruƙa da 'yan raguna, don haka sharar garke da wankin kayan ciki ranar Layya a bar wa jikoki. Latas da kabejin da ake ɗorawa kan wake da shinkafa, da yawa daga lambunan gefen gari suke, ana ba su ruwan rafin da ni da kai mun san abin da ke shiga cikinsa. Ta ci dafaffe.

Ga wani gargaɗi da ya fi duk abin da na faɗa gaggawa. In gudawa ta kama Hajiya, kada kowa ya je kemis ya sayo mata Septrin. Na san al'adarmu ce, ciki ya motsa a haɗa Flagyl da Septrin. Septrin da metotireksat ba sa haɗuwa. Tare suna iya tsayar da ɓargo daga yin jini, bakin mutum ya yi gyambo, jini ya ƙone, kuma an rasa rayuka ta wannan hanya. Imodium, maganin tsayar da gudawa, shi ma kada a ba ta in akwai jini ko zazzaɓi. Ruwan gishiri da sukari, sai asibiti.

Kada kuma wannan bayani ya tsorata ku ku ce to a daina firednisolon. Wanda ya yi wata huɗu yana sha, jikinsa ya rage yin nasa na halitta. In aka yanke rana ɗaya, jini yakan faɗi, mutum ya yi laushi, ya suma. Sauka ake yi a hankali, likita ke tsarawa. Ko azumi za ta yi, a tambaya yadda za a gyara lokacin sha, ba a ajiye ba.

Tunda an zo nan, bari in taɓa wani abu da ba ka tambaya ba. Ba masu takardar asibiti kaɗai ke shan sitiroyid a unguwanninmu ba. Deksa, wato deksametason, da 'yan mata ke sha don su yi ƙiba kafin biki, wanda wasu ke kira sha-ka-fashe, da 'yan ƙwayoyin da ake ƙulla wa tsofaffi a leda don ciwon gwiwa, da allurar da ake yi wa mutum a ɗaki ya tashi garau, sau da yawa shi ne a ciki. Deksametason ya ninka firednisolon ƙarfi kusan sau 7. Hajiya ita tana hannun likitan da ke tunanin tsutsa. Waɗannan ba wanda ya tambaye su ko sun taɓa taka gona. In akwai irinsu a gidanku, su ma maganar nan tasu ce. Ka kuma bincika ko Hajiya na shan wani haɗi a gefe wanda likita bai sani ba, ka kwashi komai a leda ka kai masa ya gani.

Bayan an ƙara maganin, ko da ta sha aibamektin, ku sa ido. Sabon tari ko shessheƙa, amai da kumburin ciki, gudawar da ta wuce kwana biyu, zazzaɓi, ciwon kai da sanƙarewar wuya, rikicewar magana, ko wasu ɗige-ɗige ja ko shunayya a kewayen cibiya: kowanne aka gani, ba na jiran ranar ganin likita ba ne. Daga Aboabo zuwa sashen gaggawa na asibitin Komfo Anokye ba nisa. In kun isa, ka faɗa da bakinka cewa tana shan firednisolon da metotireksat, kuma an taɓa zargin wannan tsutsa, ka roƙi a duba kaki da bayan gida. Likitan da ke aikin dare da marasa lafiya a jere ba lallai ya tuna ba, kalma ɗaya daga gare ka tana iya juya tunaninsa.

Game da kai samfurin: kwana uku daban-daban, ba a raba na rana ɗaya gida uku ba. A sa a robar da suka bayar, kada ya haɗu da fitsari ko ruwan masai ko ƙasa, don a ƙasa akwai wasu tsutsotsi masu kama da ita da za su rikita mai dubawa. A kai da ɗuminsa, cikin awa ɗaya in zai yiwu, kuma kada a sa a firij, sanyi na kashe 'ya'yan, mai gwaji kuwa motsinsu yake nema. Ku tambayi likitan ko yana so a gama kai ukun kafin ta fara shan ƙwayar. Yawanci haka muka fi so, in ba ƙarin firednisolon ɗin ne ba zai jira ba.